Guɗar da Na Haɗiye

Ranar da tifa ta juye yashi a ragowar filin da ke bayan katangarmu, ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Ban leƙa ba. Na sha jin irin wannan ƙarar tun da unguwar nan ta fara cika, sai dai wannan karon shi ne na ƙarshe, don babu sauran fili a wannan yanki na Gyaɗi-Gyaɗi da za a juye wa yashi. Na ajiye farantin, na dubi ƙofar ɗakin Malam, maigidana. Yana kwance a ciki, hannunsa na dama yashe a gefensa kamar na aro, tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki cikin damina. Na tabbata shi ma ya ji ƙarar. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Mun daɗe muna wannan zaman na rashin cewa komai, har shirun ya zama kamar wani ɗan gida da muke ci muke sha tare da shi.

Yaran yanzu ba za su yarda ba idan aka ce musu a da mutum yakan tsaya a ƙofar gidan nan ya hango har wajen Tarauni, ba abin da ya tare masa ido sai dawa da rogo da 'yan itatuwan ɗorawa. Unguwar Gano da Daurawa 'yan gidajen ƙasa ne jefi-jefi, sai ka ratsa gonaki kafin ka kai. Da safe abin da ke tashin mu shi ne kiran salla, da zakaru, da luguden matan maƙwabta, da kukan guga yana goga bakin rijiya. Sauti yana da wurin tafiya a lokacin. Idan aka kira yaro a can ƙarshen unguwa, sai kiran ya zo ya wuce ta kanmu ya tafi abinsa. Yanzu kuwa daga asuba har dare adaidaita sahu ne, da janareto, da jiniyar motar marasa lafiya mai nufar asibitin koyarwa, da masu tallan magani da lasifika. Komai a cunkushe, ko muryar mutum ba ta samun inda za ta miƙe ƙafa.

Ni yarinya ce mai mafarki. Lokacin da ƙananan littattafan soyayya suka fara shigowa kasuwa, ina cikin waɗanda suka fara haukacewa a kansu. Mukan yi musanya da ƙawaye a hanyar Islamiyya, in ɓoye a ƙarƙashin mayafi, in karanta ina fifita wuta. Miyar da na ƙona saboda su, Allah kaɗai ya san yawanta. A cikinsu namiji yakan zo da mota, yana ƙamshi, ya tsaya ya jera wa budurwa kalamai har ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. Na sa wa raina irin wannan zan aura, wanda bakinsa ba ya gajiya da faɗin abin da ke zuciyarsa.

Wata yamma bayan la'asar aka aike ni kai saƙo gidan gwaggona, na yanke ta filin nan. Sai na hangi wani dogon saurayi baƙi, da gajeren wando, riƙe da wani dogon abu mai tsini a saman kafaɗa. Ya tsaya shiru kamar mai sauraren wani abu. Can ya taho da gudu, ya karkace, ya ja hannun baya har na ce kafaɗar za ta ɓalle, ya kurma wani ihu da ya tashi kurciyoyin da ke kan ɗorawa, ya saki. Abin nan ya hau sama yana rawa, rana ta haska tsininsa, ya yi tafiya har na manta ina numfashi, sannan ya sunkuyar da kai ya cake a ƙasa yana kaɗa wutsiya. Littafin da ke ƙarƙashin mayafina ya faɗi ban sani ba. Wannan shi ne gani na farko da na yi wa jifan mashi. Ban san cewa shi ne kuma na ƙarshe ba.

Sunansa na yanka ban taɓa furtawa ba, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. A fili dai Tsawa suke ce masa, saboda wannan ihun. Daga ƙauye suka dawo shi da mahaifiyarsa bayan rasuwar mahaifinsa. Can ya saba bin mafarauta, yana jifan zomo da kere, wato sandar nan mai lanƙwasasshen kai. Da ya shiga makaranta a birni, malamin wasanni ya ga yadda yake cilla karan dawa ya tsallake ajujuwa, sai ya miƙa masa mashi ya ce gwada wannan. Kafin a ankara ya cinye makarantun Kano kaf, aka ɗauke shi yana yi wa jiha wasa.

Da ya fara zuwa zance wurina na sha mamaki. Mutumin da ihunsa ke tashin tsuntsaye, a ƙofar gidanmu sai ya zama kurma.

"Ina wuni. Yaya mutanen gidan?"

"Lafiya lau."

"To madalla." Sai ya yi ta kallon takalminsa. Can ya ce, "Yaya zafi?"

Ƙawayena suka yi ta yi mini dariya. Suka ce, "Ke mai jiran ɗan sarkin kalamai, ga shi kin ƙare da mai tambayar zafi." Ban damu ba. Na riga na ga abin da hannunsa ke rubutawa a sama, na ce a raina wannan ya fi duk wani shafi da na taɓa karantawa. Na yi niyyar idan mun yi aure ni zan riƙa faɗin kalaman, tunda shi ba ya iyawa.

Aka kawo ni gidan nan, muka zauna tare da mahaifiyarsa, Inna, Allah ya jiƙanta. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Shi kaɗai gare ta a duniya, kuma babu abin da take tsoro kamar kambun baka, wato a yabi abu da baki sai ya lalace. Ina amarya, wata safiya ya dawo daga fili yana zufa, na buɗe baki na ce, "Wallahi yau na ji jifan nan ya yi nisa..." Inna ta ajiye taɓaryar da ke hannunta. Ta bari sai da ya shiga wanka, sannan ta kira ni ɗakinta ta zaunar da ni a bakin gado.

"'Yar nan, kina son mijinki?"

Na sunkuyar da kai.

"To ki rufa mini asiri ki rufa wa kanki. Hannun nan shi ne abincinsa. Bakin mutanen waje ma ya ishe mu, kullum ina cikin yi masa addu'a da hayaƙi. Amma bakin na gida ya fi kamawa, don shi daga zuciya yake fitowa. Kada ki yabi hannun nan, ko a gabansa ko a bayansa. Ballantana ma ina aka taɓa jin mace mai kunya tana yabon mijinta? Abin da kika ji, ki bar shi a cikinki."

Na ce to. A zamaninmu idan babba ya faɗi magana irin wannan, ba a tambayar dalili. Kuma gaskiya tsoro ya shige ni. Na riƙa ganin idan na saki kalma ɗaya, gobe za a shigo mini da shi kafaɗa a goce.

Matar aure ba ta fita kallon wasa, don haka na koma kallo da kunne. Filin yana manne da katangarmu. Bayan sallar asuba, gari ya ɗan yi haske, sai ya ɗauki mashin daga soro ya fita. Ina bakin turmi, ina jin komai. Da farko shiru. Sai takun gudu, a hankali, sannan da sauri, sannan wani taku mai nauyi da yake dasa ƙafar hagu. Sai ihun. Daga nan kuma sai wani shirun, wanda ya fi komai daɗi a rayuwata, lokacin da mashin yake sama. Nakan tsaya da taɓarya a ɗage, ban sauke ba sai na ji ya cake. Idan shirun ya yi tsawo, na san jifa ya yi kyau. Idan na ji ya faɗi a kwance ya yi ƙarar sanda, na san yau zai shigo fuska a ɗaure, sai in ƙara masa nono a fura. Har na kai ina gane ranar da kafaɗarsa ke ciwo tun kafin ya gaya wa kowa, daga yadda ihun yake fita. Inna takan ce, "Dakan nan naki kamar na mai jin barci, a buga a tsaya." Ba ta san abin da nake saurare ba. Ko kuwa ta sani, ta ƙyale ni.

A waɗancan shekarun sunansa ya yi tafiya. Ya je Kudu gasar ƙasa ya dawo da lambar zinariya, shekara ta zagayo ya koma ya sake karɓowa. Akwai lokacin da in dai ana maganar jifan mashi a ƙasar nan, to ana neman wanda zai zo na biyu ne. Duk da haka a unguwa wasu ba su taɓa gane sana'arsa ba. Tsofaffi sukan ce masa, "Mai mashi, yau me aka kamo?" Ya ce, "Baba, ba dabba nake jifa ba, nisa ake aunawa." Su ce, "Ikon Allah, a jefi ƙasa kuma a ba mutum lada." Direbobin bas kuwa ba sa ɗaukarsa da mashin, wai kada a ce sun ɗauko ɗan daba, sai dai ya saɓa a kafaɗa ya taka har filin wasa na cikin gari.

Sai aka zaɓe shi ya wakilci ƙasa a ƙetare. Ya hau jirgin sama, abin da ba wanda ya taɓa yi a danginsu ko namu. Na ji sakamakon a rediyo ina kicin, na rage murya na kara a kunne. Da aka ambaci sunansa, aka ce ya ciyo lamba, sai na cusa gefen zanena a baki na cije. Ranar da ya dawo unguwar nan ta cika, har daga Tarauni aka zo da ganga. Matan maƙwabta suka shigo tsakar gida suna rangaɗa guɗa, wata na saki wata na kamawa. Ni ina bakin murhu ina tuƙa tuwon baƙi, guɗa ta taso mini tun daga ciki ta tsaya a maƙogwaro kamar ƙashi.

Da mutane suka ragu ya ratso ya zo ƙofar kicin. Ya ciro lambar daga wuyansa ya miƙo mini a tafin hannu, yana murmushi irin na yaron da ya kawo sakamakon makaranta.

"Kin gani?" in ji shi.

Na gani. Na ga lambar, na ga hannun da ya ciyo ta, jijiyoyinsa a tashe. Duk kalaman da na tara tun ina budurwa suka zo bakina a lokaci guda. Sai na hangi Inna a ƙofar ɗakinta da carbi, tana kallona, ba da faɗa ba, da roƙo. Na mai da idona kan tukunya.

"Sannu da zuwa," na ce. "Na kai maka ruwan wanka."

Ya ɗan tsaya. Sannan ya sa lambar a aljihu ya wuce. Daga ranar bai ƙara kawo maganar fili cikin gida ba.

Sauran kuma abin da kowa ya sani ne. Ƙarfi ba ya zama. Yara suka taso suka fara wuce shi, kafaɗa ta fara ƙorafi, ya koma koyarwa a ma'aikatar wasanni. Yakan tara samari a filin nan, amma hankalinsu na kan ƙwallo, kuma filin kansa ana ta yankarsa fuloti-fuloti. Wata rana mashi ya sauka kusa da harsashin ginin wani, aka zo har gida aka yi masa magana. Bai ƙara fita da shi ba. Shirun nan nawa na safe ya ɓace, na koma daka ba tsayawa, daga baya ma inji ya karɓe dakan. Inna ta rasu, 'ya'ya suka yi aure suka watse, mashin ya koma abin tokare igiyar shanya. Babu sauran mai hana ni magana, amma bakin da ya shekara da shekaru a rufe ba ya sanin ta inda zai buɗe. Nakan ce gobe. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa har furfura ta rufe mu.

Bayan ciwon nan ya same shi, Allah ya haɗa mu da Bilkisu, wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi a asibitin koyarwa, da ke haya a ɗakin da Inna ta bari. Idan ta taso aiki takan shiga ta duba shi. Ƙafar ta fara dawowa, yana takawa da sanda, yatsun hannun ma suna ɗan motsi. Amma ya ƙi yarda a taɓa hannun. Ta ja ni gefe ta ce, "Mama, gaskiya zan faɗa miki. Hannun nan bai mutu ba, amma in bai riƙa motsa shi yanzu ba, kafaɗar za ta sandare, kuma shi ke nan. Ko cokali ba zai ƙara kaiwa baki da shi ba. Lokaci na tafiya."

Yammacin ranar da aka juye yashin Bilkisu ta shiga wurinsa da wata 'yar ƙwallon roba. Ina bakin ƙofa ina jin su.

"Baba, yau dai sai ka matsa mini ƙwallon nan. Ka jefo mini ita ko nan da nan ne."

"Kai wa jikoki su yi wasa."

"Haba Baba, kai da aka ce har jirgi ka hau saboda jifa? Ko dai cika baki ne irin na tsofaffi?"

"Cika bakin ne," ya ce. Maganarsa ba ta fita sosai tun da ciwon ya taɓa harshen. "'Yata, bar wahalar da kanki. Hannun nan ya gama aikinsa. Filin ma kin ji an rufe shi yau. Ko lokacin da yake aikin, mutanen waje ne suka sani. A gidan nan ba wanda ya taɓa sanin yana yi."

Bilkisu ta fito tana girgiza kai. Ni kuwa sai na ji ƙafafuna sun kai ni ciki ba tare da na yi shawara da su ba. Na zauna a bakin gadon, ta ɓangaren hannun. Ban iya kallon fuskarsa ba, sai na kalli bango, na fara magana. Na gaya masa yadda yake fara gudu a hankali, da yadda ƙafar hagu take dira. Na gaya masa taɓaryar da nake riƙewa a sama. Na tuna masa wata damina da ya yi mako yana jifa mashin na faɗuwa a kwance, da safiyar da ya gyaru har ya yi dariya shi kaɗai a fili. Na gaya masa zanen da na cije ranar rediyo, da abin da Inna ta roƙe ni a bakin gadonta, a ɗakin da Bilkisu take ciki yanzu. Kalaman ba su fito da kyau kamar na littafi ba. Suna fitowa ne a karye, ina yi ina share hanci da gefen mayafi.

Can ya ce, "Dariyar ma kin ji?"

"Na ji."

"Inna ke nan," ya ce, ya yi ajiyar zuciya. "Allah ya jiƙanta." Sai kuma ya juyo da kai. "To yanzu ba kya tsoron bakin?"

"Me ya rage da zai kama, Tsawa?"

Ban taɓa kiransa da wannan suna ba. Na ga gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

Bai tashi a ranar ba, ko washegari. Amma ya bar Bilkisu ta fara ɗaga hannun tana saukewa, yana cije leɓe, yana ce mata muguwa, tana ce masa rago. Ƙwallon dai ya ce ba zai taɓa ba, shi ba yaro ba ne. Sai na je wurin mai ƙosan bakin layi na roƙi karan dawa guda cikin wanda take hura wuta da shi, na zaɓi miƙaƙƙe, na fere masa ganye, na jingine shi inda idonsa zai riƙa faɗawa.

Wata la'asar muka fito da shi tsakar gida ya zauna a kujera. A bayan katanga magina suna ta aiki, gini har ya kai taga. Ya dubi karan ya ce a miƙo. Bilkisu ta sa masa a hannun dama, ta naɗe yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya, ta ja baya. Ya yi shiru kamar mai sauraren wani abu, irin shirun da na gani ina budurwa. Hannun ya fara tashi yana rawa. Bai kai kafaɗa sosai ba. Zufa ta keto masa. Ya yi wani ɗan ihu, shaƙaƙƙe, wanda ko kazar da ke kiwo a gabansa bai kora ba, ya saki. Karan ya tafi kaɗan ya faɗi a kwance kusa da randa.

Ni ban taɓa yin guɗa ba a rayuwata, ko a bikin 'ya'yana wasu nake sawa su yi. Na kama hanci, na buɗe baki, na sake ta. Ta fito a tsage, tsohuwa, rabinta tari. Na ja numfashi na ƙara. Bilkisu ta riƙe baki tana dariya tana hawaye. Magina suka tsaya da aiki, wani ya ɗago murya ta saman katanga.

"Hajiya, barka! Haihuwa aka yi?"

Numfashina bai dawo ba tukuna. Malam yana zaune yana haki, idonsa a kan karan, yana auna tazarar da ido kamar yadda na san ya saba. Ya taɓe baki.

"A kwance ya faɗi," ya ce. "Ɗauko mini."

Na dafa gwiwa na miƙe, ƙasusuwana suna ƙara, na je na ɗauko masa.